Ƙulli Goma Daga Kawu

Zuwa ga Auta,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Muna nan lafiya, in ban da gwiwata ta hagu da ke ƙara kamar tsohon ƙyaure duk lokacin da na miƙe auna wa mutum kaya. Matata na gaishe ki. Mahaifiyarki ta biyo ta kasuwa, tarin nata ya yi sauƙi.

Wasiƙarki ta iso, kuma ban taɓa karanta takarda mai tsari irinta ba. Na karanta wa mutanen layinmu na masu sayar da iri, maƙwabcina mai sayar da taki har da gyara zama. Yarinya ko hanyar ɗakin kwananta ba ta gama ganewa ba a jami'a, amma ta riga ta tsara rayuwarta kaf. Za ki fita da sakamako mafi girma. Za ki koyi magana gaban jama'a ba tare da muryarki ta yi rawa ba. Za ki yi ƙawaye na kirki, ba masu aron takalmi ba. Babban burin kuma, malamar ɗakin gwajin iri ta saka ki cikin 'yan ƙalilan da take ɗauka. Madalla da jami'a. Ina kuma za a samu wurin da manyan mutane masu tabarau za su jiƙa takarda, su jera ƙwayar masara a kai, su zauna a ƙarƙashin fanka suna jiran su ga ko za ta tsiro? Mu da karatu bai yi mana nisa ba sai dai mu ciza ƙwaya da haƙori mu wuce. Mun zaci likita za mu samu a dangi, ashe likitar masara ce. Ba laifi, ita ma masarar baiwar Allah ce.

Kin ce kina son irin masara daga rumfa goma na kasuwarmu, tafin hannu ɗaya ɗaya, kowanne a ƙulle daban. Ni da mahaifiyarki kakarmu ɗaya, in ban yi miki wannan ba wa zan yi wa? Ga ƙulli goma nan a hannun direban motar kaya. Da hannuna na zaɓo miki, ban aiki kowa ba. Ba za ki ji kunya a gaban malamarki ba.

Kada ki kira ni a waya kan maganar iri. Ko atishawa na yi a rumfata, mai taki ne ke amsawa. Rubuto ki ba direba.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka da girmamawa, a gaishe mini da Gwaggo. Allah ya sauƙaƙa gwiwar, a kuma daina ɗaga buhu kai kaɗai. Ni lafiya nake, sai mura da na kwasa a ɗakin gwaji.

Ƙullin sun iso, na gode. Tunda ka mayar da mu masu gadin jiƙaƙƙiyar takarda, bari ka ji yadda aikin yake. Daga kowane ƙulli na ƙirga ƙwaya ɗari, na jera a tire, na rufe, na saka a wata durowa mai ɗumi. Abin da nake son nunawa shi ne, a kasuwa ɗaya ma rumfa da rumfa sun bambanta: manomi biyu su biya kuɗi ɗaya, wannan ya tafi da iri mai rai, wancan ya tafi da matacce, kuma ba zai sani ba sai gona ta ƙi fitowa. Da wannan rahoton malama za ta zaɓi waɗanda za ta ɗauka.

To Kawu, duk goman sun tsiro, kusan kowace ƙwaya. Har tsawon saiwar iri ɗaya. Na yi murna, na rubuta cewa kasuwarku ta masu amana ce. Malama ta karanta a tsaye. Ta juya shafi, ta dawo baya.

Ta ce, "Rumfa goma?"

Na ce eh.

"Ke kika je?"

Na ce kawuna ne, a can yake sana'a, da hannunsa ya zaɓo.

Ta ce, "Tun da na fara aikin nan ban taɓa ganin rumfa biyu sun zo daidai ba, balle goma."

Ta karɓi ragowar ƙullin ta kulle a durowarta. Ba ta yi faɗa ba, kuma rashin faɗan ne ya fi damuna. Don Allah ka rubuto mini rumfunan da ka bi, da yadda kowa ya ɗebo maka, daga saman buhu ko daga ƙasa. Ka ba direba a zuwansa na gaba.

Auta

*

Kawu,

Ina fata kuna lafiya. Direba bai zo ba, na je inda yake sauke kaya har masu gadi sun fara gane ni. Na ba wani abokin aikinsa wannan.

Malama ta sake gwajin da kanta. Ta ce ba ta da shakka, buhu ɗaya ne aka raba goma. A wurinsu wannan ƙirƙirar sakamako ne, kuma ba ƙaramin laifi ba ne. Ta kai maganar gaban kwamitin sashenmu, za su zauna ƙarshen wata. In suka yanke cewa ni na raba buhun na rubuta ƙarya, maganar ta wuce ta ɗakin gwaji, korata za a yi daga sashen gaba ɗaya.

Na rantse mata cewa kawuna ya bi rumfa goma. Ta ce, "To ya rubuto, ya sa hannu."

Ban gaya wa Mama ba. Kai ma kada ka gaya mata. Shirunka ya sa na fara tunanin abin da bai kamata in yi wa babba ba. Ka rubuto, Kawu.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Kowa lafiya, gwiwa na nan da halinta. Motar direba ce ta lalace a hanya, wasiƙunki biyu rana ɗaya suka zo hannuna. Na karanta ta biyu kafin ta farko, shi ya sa har yanzu kaina bai dawo daidai ba.

Yanzu ke da bakinki kike cewa laifi ne don masara ta tsiro? Ni na zaci kuka za ki kawo mini in ta ƙi.

Ki nutsu ki ji yadda kasuwa take. Kin ce in bi rumfa goma in karɓo tafin hannu ɗaya ɗaya. Na gwada, ba ƙi na yi ba. Na je wurin dogon nan na bakin layi na ce ya ɗan ɗebo mini masara. Ya dube ni ya ce, "Taka ta ƙare ne, ko hukuma ce ta ba ka aiki?" Mai sayar da iri ba ya neman samfur a rumfar mai sayar da iri. Kafin in kai rumfa ta uku da sunana ya zama ɗan rahoto. Wannan ɗaya.

Na biyu, na san abin da ke cikin buhunan mutanen nan. In kwashi irin bara da ƙwaro ya gama hudawa in aika wa 'yar ƙanwata ta kai gaban malamai? A ce daga hannun kawunta wannan sharar ta fito? A sana'armu samfur shi ne fuskar mutum, ba a nuna baƙo sai mafi kyau. Sai na shiga ciki na kwance buhun da nake ajiye wa manyan masu gona, wanda ko matata ba ta taɓa shi, na ƙulla miki goma. Ai na rubuta miki ƙarara cewa da hannuna na zaɓo. Mai zaɓe ai mai kyau yake ɗauka.

Game da malamarki, na san irinsu. Wanda ya juya kaya ya ce bai taɓa ganin irinsu ba, so yake, ciniki yake ja. Ta ga iri mai kyau ne. Ki tambaye ta a hankali ko tana da 'yar gona, in aiko mata da rabin buhu, magana ta mutu.

Takarda kuwa, ki yi haƙuri. In sa hannu cewa na raba buhu ɗaya na kira shi goma? Takardar da ta shiga ofis ba ta zama a ofis. Wata rana wani ɗan manomi da ke karatu a wurinku zai gani, ya zo ya karanta a bakin layinmu. Ni da baki nake cin abinci, in aka ce bakina biyu na gama. Ki lallaɓa su, ke ce mai turanci.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Murar ta tafi, barci ne bai dawo ba.

Na karanta wasiƙarka a zaune a kan matakala, na daɗe ban tashi ba. Da ka ce da hannunka ka zaɓo, na ɗauka da ƙafarka ka bi rumfunan. Na san don ƙauna ka yi. Amma Kawu, mataccen irin nake nema. Shi ne aikin. Kamar a ce likita ya nemi a kawo masa marasa lafiya, kai kuma ka tara masa ƙarti goma don kada asibitin ya ji kunya.

Kada ka aiko da rabin buhu. In ya iso, da ni da buhun za a fitar a ƙofa ɗaya.

Na je na gaya wa malama duk abin da ka rubuto. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Ko da gaskiya ne, ke kika rubuta an karɓo daga rumfa goma, alhali ba ki gani da idonki ba. Wannan naki ne." Gaskiya ta faɗa. Ta ce abu biyu za su iya taimakona a gaban kwamiti: takarda daga hannunka, da sabon gwaji da ni da kaina na sayo irinsa, kamar kowane manomi, daga buhun da ake auna wa kowa.

Takarda ba zan iya tilasta ka ba. Gwajin kuwa zan yi. Ina nan zuwa kasuwarku, kuma da rumfarka zan fara.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Ba zan ce miki muna lafiya ba, don rabona da cin abinci da daɗi tun da na karanta layinki na ƙarshe. Da rumfata za ki fara. Na juya maganar nan ta kowace fuska, ban gane ba girmamawa ce ko sammaci.

Tunda yanzu ke ma kin shigo sana'ar, bari ki sani. Buhun gaba, wanda ake auna wa mai sayen gwangwani ɗaya ko biyu, ba ɗan'uwan na ciki ba ne. Abin da ya kwana daga bara ba a zubarwa. A gauraya shi da sabo, a sake musu jar hodar magani, su fito kamar 'yan uwa ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ba, haka na tarar, haka layin gaba ɗaya yake yi. Kuma ina cizawa kafin in gauraya, wanda ya yi taushi ba na sawa.

Da na ji kina zuwa sai na ja buhun gaba na kai ciki, na fito da na manya na kafa a bakin rumfa. Na yi ta auna wa masu gwangwani irin da ba su taɓa mafarkinsa ba, ina murmushi, ina lissafin asara. Wata tsohuwa ta dawo ta ƙara, ta kawo ƙanwarta. Na jira ki har buhun ya kusa ganin ƙasa. Ba ki zo ba. Na ce yarinya ta huce, na mayar da kowane buhu mazauninsa.

Washegari na je ɗaurin gwiwa, na bar wa mai taki rumfa kamar yadda muka saba. Ina dawowa ya ce, "Wata ɗaliba ta zo, siririya, mai jaka a gaba. Gwangwani ɗaya ta saya, ta hana ni zaɓa mata, ta ce in zura hannu har tsakiya. Ta tambaye ka, ta ce a gaishe da mai gwiwa."

Na leƙa layi, sai ga ki can a rumfar dogo. Ban kira ki ba. Na tsaya bayan buhunan taki ina ji. Yana ce miki, "Ke 'yan mata, gona gare ki ko tukunyar fure?" Kika ce masa gwangwani ɗaya kike so daga wannan buhun, ba wancan da yake miƙo miki ba. Muryarki na rawa kamar ganye, mutane sun fara taruwa, yana ta yi miki dariya, amma ba ki matsa ba sai da ya auna daga inda kika nuna. Ni shekara da shekaru ban taɓa sa mutumin nan ya auna daga inda na nuna ba.

Na koma rumfa na zauna. Mahaifiyarki ta zo da yamma sayen irin tumatir na bayan gida, tana ta ba mai taki labarin 'yarta mai gwaje-gwaje. Na riƙe sirrinki, na ƙara mata a kan abin da ta saya, ta yi mamaki.

Ga takardar nan a cikin ambulan daban. Na rubuta cewa buhu ɗaya ne, nawa ne, ni na raba, ke ba ki sani ba. Na sa hannu. Na ƙara layi ɗaya cewa duk mai son irin da ya tsiro ɗari bisa ɗari a ɗakin gwajin jami'a ya san inda zai same ni. In ya yi musu yawa su ja masa layi. Na gargaɗi direba, in motarsa ta sake lalacewa ya ɗauki ambulan ɗin ya ƙarasa da ƙafa.

Ki rubuto da zarar sun tashi daga zaman. Kuma ki gaya mini abin da gwangwanina ya yi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Gwaggo. Lafiyata ƙalau yanzu.

Da rumfarka na fara don ita kaɗai na san hanyarta. Jinkirin kuma jarrabawa ce ta riƙe ni, ba dabara ba.

Ranar zaman kwamiti, takardarka ba ta iso ba. Na shiga ba ni da komai sai tire goma na sabon gwajin. Malamai na zaune a dogon tebur, malamata a gefe, ba ta ko dube ni ba. Shugaban ya ce, "Ina kawun?" Na ce yana hanya. Wani a cikinsu ya ce, "Kowane ɗalibi da ya zo gaban teburin nan yana da kawu a hanya." Aka yi dariya.

Sai na buɗe tirarrukan. Wannan karon ba mai cewa buhu ɗaya ne. Wani tire ya cika da tsiro, wani rabi, wani kuwa ƙwayoyin sun kumbura sun yi fumfuna, ko rabin rabi bai tashi ba. Suka taso daga kujerunsu suna leƙawa. Suka ce in fita, za su jira takardar zuwa ƙarshen mako. In ba ta zo ba, za su yanke da abin da ke gabansu.

Direba ya iso ana saura kwana ɗaya, da baƙin mai har gwiwar hannu. Shugaban ya karanta takardarka a gabana. Da ya kai layin tallarka ya cire tabarau ya goge ido, ya ce a saka ta a fayil yadda take.

Ba a kore ni ba. An soke rahoton farko, sifili aka ba ni, an kuma rubuta mini gargaɗi. Sakamako mafi girma da na yi maka alkawari zai yi wuya yanzu, na lissafa na sake lissafawa. Amma malama ta liƙa sunayen waɗanda ta ɗauka, nawa ne na ƙarshe. Ta ce mini, "Daga yau abin da ƙafarki ba ta je ba, alƙalaminki ba ya rubutawa."

Game da gwangwaninka, ka yi haƙuri. Rumfunan lamba na ba su, ba suna, kuma ban bi jerin layi ba wajen ba da lambar. Na yi wa malama alkawari ba mai jin wace lamba ce ta wa, ko da kawuna ne. Abin da zan iya faɗa, wanda yake cikin rahoton da kowa zai iya karantawa, shi ne lamba bakwai ce mafi muni. Manomin da ya shuka lamba bakwai, gara ya zauna a gida.

Yanzu za ka iya gaya wa Mama, amma ka fara da ƙarshen labarin.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa da barka. Gwiwa ta yi sauƙi, ko don na daina kai buhu ciki ina fito da shi. Na gaya wa mahaifiyarki, daga ƙarshe na fara kamar yadda kika ce, duk da haka sai da ta wanke ni tas a gaban matata, matata kuma ta ɗora daga inda ta tsaya.

Sifilin nan nawa ne, ki rubuta shi da sunana a zuciyarki. Amma kin shiga ɗakin da kike so, ko a na ƙarshe. Wanda ya shiga mota a ƙarshe ma tare ake sauke shi da na gaba.

Wato ni da na sa hannu a takarda saboda ke, ba za a gaya mini lambata ba. Na gode. Na ɗauki ƙwaya daga buhun gaba na ciza, lafiya lau take a haƙori. Na sake cizawa. Daga baya na tura matata ta samo mini tsohon tire da tsumma, na jiƙa, na jera, na tura ƙarƙashin benci inda ba mai gani. Abin da ya fito ba zan gaya miki ba, ni ma ina da ƙa'idar aiki.

Maganar lamba bakwai kuwa ta fita. Ni mai taki kaɗai na gaya wa, shi ma ya ce mutum ɗaya ya gaya wa. Yanzu layin gaba ɗaya ya sani. Dogo ya rantse ba shi ba ne, ya ce ai kowa ya san rumfar da ake nufi, yana kallon tawa. Na kusa da shi ya ce shi ko ɗalibar bai gani ba, alhali a gabana ya ba ki canji. Kowa ya wanke kansa, kowa na nuna maƙwabci da haɓa.

Sai dai mai kiwon kaji na bayan kasuwa ya zo jiya yana tambayata ko wani abu ya faru. Wai cikin makon nan masu iri sun yi ta kawo masa tsohuwar masara a ɓoye, kowa ta ƙofar baya, kowa na roƙon kada a faɗa. Ya ce shi ba ya ba kaji mai jar hoda, amma sun bar masa buhunan sun tafi. Na ce ya ƙirga mini. Ya ce goma ne cif. Na ce Allah ya kyauta, mutane ba su da tsoron Allah. Ya dube ni ya ce in zo in ɗauki igiyar da na ɗaure nawa da ita.

To ke da kika yi karatun, ki warware mini. Lamba bakwai rumfa ɗaya ce tak, kuma duk layin nan ba mai ita. Sauran taran me suka je zubarwa?

Kawunki